Farar ƙasa, ziyolait ko MOF: wanne ya fi kama CO2 a wurin haɗa haidurojin?

"Salam Injiniya, barka da ƙoƙari. Ina mastas ne a kemikal injiniyarin, malamin da ke duba aikina ya ba ni bincike a kan sinadaran da ake kama iskar CO2 da su lokacin da ake haɗa haidurojin daga gas. Na karanta takardu sun fi talatin kaina ya ɗaure, wannan ya ce CaO, wancan ya ce ziyolait, wani kuma ya ce MOF ne gaba. Don Allah wanne ne ya fi? Kuma dutsen farar ƙasa irin namu na Sakkwato zai yi aiki ko sai na waje? Na gode."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taimaka. In na fahimce ka abu biyu kake so, wato a cikin waɗannan sinadarai masu zuƙe CO2 (CaO, wato gasasshiyar farar ƙasa, da ziyolait da MOF, waɗanda su biyun sinadarai ne masu ƙananan ƙofofi, bari mu riƙa ce musu mazuƙa don sauƙi) wanne ne zakara, sannan ko dutsenmu na gida zai shiga sahu. Dalilin da ya sa kanka ya ɗaure shi ne takardun da ka karanta ba wuri ɗaya suke magana a kai ba a cikin masana'antar, wani yana maganar inda zafi ya kai digiri 650, wani inda ya sauka zuwa 400, wani kuma inda iskar ta huce ta koma 40, kuma kowannensu sai ya buga lambar da sinadarinsa ya ba da a zagayen farko (zagaye ɗaya shi ne ya kama CO2 ya saki sau ɗaya) ya ce ga shi ya yi nasara. Ni kuma bayan shekarun da na yi ina ƙona farar ƙasa a lab abin da na yarda da shi shi ne lambar zagayen farko ba ta da amfani sosai, abin dubawa shi ne me ya rage a zagaye na ɗari, kuma nawa ka kashe na wuta kafin sinadarin ya yarda ya saki abin da ya kama.

Daga ina CO2 ɗin ke fitowa tukunna

Duniya na haɗa haidurojin kusan tan miliyan 97 a shekara bisa ƙididdigar hukumar makamashi ta IEA ta 2023, kuma mafi yawansa daga gas ne da kwal, yawanci matatun mai da kamfanonin taki ne ke shanye shi. CO2 ɗin da ke fita a sanadin haka ya haura tan miliyan 900 a shekara. Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa gas, wato mitan, da tururi a cikin bututai cike da katalis na nikel (abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai) a zafin digiri 800 zuwa 900 da matsin ba 20 zuwa 30 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), shi ne rifoma. Abin da ya fito sai a wuce da shi mataki na biyu inda iskar CO da ke cikinsa ke haɗuwa da ƙarin tururi ya koma CO2 a samu ƙarin haidurojin. A lissafin allo CH4 (mitan) ɗaya da H2O (tururi) biyu suna ba da CO2 ɗaya da H2 (haidurojin) huɗu, wato gram 44 a kan gram 8, kilo 5.5 na CO2 kenan a kan kowane kilo ɗaya na haidurojin. Amma a masana'anta ta gaske kilo 9 zuwa 10 ake samu, saboda wutar da ake hura wa bututan nan ita ma gas take ci.

Wannan bambancin riƙe shi da kyau don a nan mutane da yawa ke faɗawa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na CO2 ɗin yana cikin iskar aikin ne, wato wadda ke fitowa daga bututan tare da haidurojin, wadda ke da matsi mai yawa, kama shi a nan ba wuya. Sauran kashi 40 ɗin yana cikin hayaƙin murhu, babu matsi, ga nitirojin ya cika shi, kama shi tsada. Shi ya sa za ka ji an ce masana'anta kaza tana kama kashi 80 ko 90, in ka bincika sai ka ga na iskar aikin kawai ake nufi. Quest na kamfanin Shell a Alberta ta Kanada, wanda ya fara aiki a 2015 yana kama kusan tan miliyan ɗaya a shekara, a kan wannan ne ƙungiyar Global Witness ta yi masa ca a 2022 ta ce in aka haɗa duka hayaƙin bai kai rabi ba. Kuma shi Quest ba busasshen mazuƙi yake amfani da shi ba, ruwan amin ne (sunan sinadari ne, ba amin ɗin addu'a ba), kuma gaskiyar magana har yau ruwan amin ɗin nan shi ne sarki a wannan fage, duk wani busasshen sinadari da kai ko ni za mu kawo da shi za a auna shi. Kamfanonin takinmu ma, na Dangote a Lekki da Indorama a Eleme da Notore a Onne, dole su cire CO2 daga haidurojin kafin su yi amoniya, kuma a masana'antar amoniya da ruwan sinadari ake wannan wankin, sannan a mayar da CO2 ɗin cikin yuriya.

Na sanyi: gawayi, ziyolait, MOF

Waɗannan ba sa ƙulla alaƙar sinadari da CO2, manne musu kawai yake yi a cikin ƙananan ƙofofi, in ka sauke matsi ya saki. Kuma ba sabon abu ba ne, kusan duk masana'antar haidurojin ta zamani tana da PSA, wato manyan tankuna da aka jera wa alumina a ƙasa don ta tare ruwa, gawayi mai ƙofofi a tsakiya ya tare CO2 da mitan, ziyolait 5A a sama ya tare CO da nitirojin, haidurojin ya wuce da tsarkin kashi 99.9 ko fiye. Sai dai PSA na gargajiya tsarkake haidurojin ne aikinsa, dattin da ya tara ana mayar da shi murhu ne a ƙone, CO2 ya fita ta bututun hayaƙi abinsa. Wanda ya nuna cewa busasshen mazuƙi zai iya aikin a babban mataki shi ne Air Products a Port Arthur ta jihar Texas a Amurka, tun 2013 suka saka tankunan da ake zuƙe su da injin bakum tsakanin mataki na biyu da PSA, suna cire kusan tan miliyan ɗaya a shekara ana tura shi rijiyoyin mai.

Ziyolait 13X yana kama CO2 sosai ko da matsin kaɗan ne, matsalarsa ɗaya ruwa, ya fi son ruwa a kan CO2 nesa ba kusa ba. Na taɓa barin samfur a buɗe a kan benci dare ɗaya cikin watan Agusta, washegari na auna na ga kamar an musanya min shi da yashi, sai da na gasa shi sama da digiri 300 na sa'o'i kafin ya dawo hayyacinsa. To iskar da ta fito daga rifoma jiƙe take sharkaf da tururi, sai ka busar da ita tukunna, kuɗi kenan. Gawayi bai kai shi kamu ba a ƙaramin matsi, amma a babban matsi yana ɗauka da yawa, yana saki cikin sauƙi, bai damu da laima sosai ba, ga arha, ana yinsa da ɓawon kwakwa da makamantansu. Ni a wurina gawayi ne aka fi rainawa alhali shi ke ɗauke da nauyin gidan.

MOF kuwa kowa na sonsa yanzu musamman da aka ba Kitagawa da Robson da Yaghi kyautar Nobel ta kemistiri a 2025 a kansa. Dubbai ne aka haɗa, amma da yawansu in tururi ya taɓa su rushewa suke, wasu kuma gram ɗaya ya fi kuɗin makarantarka na zango. Wanda ya fita zakka shi ne CALF-20 na jami'ar Calgary, na zinc ne, yana jure laima, kamfanin Svante ya gwada shi a masana'antar siminti a Kanada. Amma lura, hayaƙin siminti ne, irin wannan ya fi dacewa da kashi 40 ɗin nan na murhu. In ba ku da kayan haɗa shi da na tantance shi a sashenku kar ka jefa kanka, shekara biyu za ta ƙare kana jiran oda.

Na matsakaicin zafi

A wajen digiri 400 akwai haidurotalsait, wani laka ne na magniziyam da aluminiyam da ake zuba wa K2CO3, wanda shi ne dai gishirin da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu ke tacewa. Masu binciken Air Products, su Hufton da Sircar, sun buga aiki a kansa a 1999, daga baya cibiyar ECN ta Holan wadda yanzu ta koma cikin TNO ta ɗauke shi ta gina tsarin da suke kira SEWGS, har aka gwada shi a Luleå ta Suwidin da iskar masana'antar ƙarfe, yana kama kusan tan 14 a rana. Kyansa shi ne yana son tururi, yana kama H2S tare, yana jure dubban zagaye. Muninsa kamunsa kaɗan ne, bai cika kai mol ɗaya (gram 44 na CO2) a kilo ba a kowane zagaye, kuma tururin da ake wanke shi da shi shi ne kuɗin. Akwai kuma na litiyam, Li2ZrO3 da mutanen Toshiba suka fito da shi a 1998 da Li4SiO4, ba sa gajiya da wuri kuma suna saki a zafin da bai kai na farar ƙasa ba, amma suna da nawa in CO2 ya yi ƙaranci, kuma yanzu masu batir sun sa litiyam ya zama ɗan gata, ba wanda zai ba ka tan ɗari ka zuba a tanki.

Farar ƙasa, inda na fi daɗewa

Dabarar nan tana da daɗi ƙwarai a takarda. Maimakon ka jira a gama haɗa haidurojin sannan ka zo wanki, sai ka zuba CaO a cikin rifoma ɗin tare da katalis, duk CO2 da ya fito nan take CaO ya cafke shi ya koma CaCO3, wato asalin dutsen farar ƙasa, to tunda ana kwashe abin da ake samarwa sai aikin ya ci gaba da turawa gaba, kamar mai tuya da ake kwashe ƙosai da zarar ya soyu. Sakamakon haka a digiri 600 zuwa 650 kawai, a tukunya ɗaya, kana iya samun haidurojin mai tsarkin kashi 95 zuwa 98 in an cire ruwa, ba ka buƙatar mataki na biyu. Wani abin sha'awa kuma shi ne lissafin zafi, haɗa haidurojin yana shan kilojul 165 a kowane mol na mitan, kama CO2 da CaO kuma yana fitar da 178, ka ga kusan sun biya juna, murhun nan mai ƙona gas a gefen bututai ya zama ba dole ba. Tunanin tsoho ne fa, tun 1868 Du Motay da Maréchal suka yi rajistar haɗa haidurojin da taimakon farar ƙasa, a shekarun 1970 aka gwada irinsa da kwal a Rapid City ta Dakota ta Kudu, sannan rukunin Harrison na jami'ar jihar Louisiana suka farfaɗo da shi a 1999.

In ka ji abu ya shekara 150 ana yabonsa bai cika kasuwa ba ka san akwai dalili. Bashin kilojul 178 ɗin nan sai ka biya shi a tukunya ta biyu, inda za ka gasa CaCO3 ya saki CO2, wato kusan gigajul 4 a kan kowane tan na CO2, kuma in kana son CO2 tsantsa wanda za a iya binnewa dole gashin ya kai wajen digiri 900. Ba za ka hura wutar da iska ba don nitirojin zai gurɓata shi, sai dai oksijin tsantsa, wata masana'antar kenan, ko ka shigar da zafin ta bango, ko ka bi dabarar haɗa shi da jan ƙarfe inda CuO ke ba da zafin idan gas ya taɓa shi, wadda Abanades da mutanensa a Sifaniya suka yi ta aiki a kai. An gudu ba a tsira ba dai, sai dai zafin nan mai daraja ne, ana dawo da shi a tukunyar farko, ba kamar na ruwan amin da ke tafiya a ruwan sanyaya ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, gajiya ce babbar matsala. A lissafi gram ɗaya na CaO zai kama gram 0.786 na CO2, duk cikin waɗanda na lissafa babu mai wannan ƙarfi a irin wannan zafin. Sai dai duk lokacin da ka gasa shi a 900 ƙananan ƙwayoyinsa suna mannewa da juna, ƙofofi suna toshewa, fili yana raguwa, don CaCO3 tun daga wajen digiri 530 yake fara wannan laushin. Kuma CaCO3 ya fi CaO ƙiba, ninki biyu da ɗoriya, da ya yi ɓawo a saman ƙwayar sai ya rufe hanya na ciki ya zauna a banza. Grasa da Abanades sun fitar da lissafi a 2006 bayan sun yi zagaye har 500, wanda in ka saka lambobinsa za ka ga zagayen farko kusan kashi 70 na CaO ke aiki, na goma kusan 23, na ashirin 16, na hamsin 11, daga nan ya je ya kwanta a kashi 7 zuwa 8. Ranar da na fara ganin wannan da idona a injin TGA, mai auna nauyin samfur yayin da ake gasa shi, na ɗauka ma'aunin ne ya lalace, na je na kira mai kula da lab, ya leƙa allon ya yi dariya ya ce haka take, kowa da ya zo sai ya kira shi.

Yi wannan lissafin ka saka a babinka na farko. Masana'antar da ke yin tan ɗaya na haidurojin a rana za ta fitar da aƙalla tan 5.5 na CO2, in CaO na aiki ɗari bisa ɗari tan 7 za ka juya a rana, in ya gaji ya koma kashi 10 kuwa tan 70 za ka riƙa ɗagawa daga 650 zuwa 900 kana dawo da shi, tan 63 a ciki ɗan rakiya ne kawai, kana ɗumama shi kana hucewa a banza. Ga kuma gugar juna, a tukunyar da ƙwayoyi ke tafasa kamar ruwa dutsen yana farfashewa ya zama gari ya bi iska. Ga sulfa, in ta kama CaO ta mayar da shi CaSO4 ko CaS shi kenan wannan ɓangaren ya tafi. Ga shi kuma nikel ba ya son zuwa tukunyar gashi, ko dai ka raba su kafin nan ko ka haƙura yana lalacewa. Sai matsalar matsi wadda ɗalibai ba sa kula da ita sam, masu saye suna son haidurojin a ba 20 zuwa sama, amma in ka ɗaga matsin mitan ba ya juyewa sosai a 650, in kuma ka ce za ka gasa a wannan matsin zafin da ake buƙata ya haura 1000, shi ya sa yawancin gwaje-gwajen ake yinsu kusa da matsin iskar waje sannan a matse haidurojin daga baya da kwamfiresa.

Magungunan da aka gwada suna da yawa, kowanne da kuɗinsa. Akwai saka masa ƙashi, wato a haɗa CaO da abin da ba ya narkewa ya riƙe ƙofofin, wanda ya fi shahara shi ne mayenait, Ca12Al14O33, ana kuma yi da MgO ko zirkoniya. Dolomait, dutse mai kalsiyam da magniziyam, Allah ya riga ya haɗa shi da nasa ƙashin, MgO ɗin da ke ciki ba ya kama komai a wannan zafin amma yana hana mannewa, shi ya sa kamunsa na farko bai kai na farar ƙasa ba amma ya fi ta daɗewa, kuma da shi cibiyar IFE ta Norwe ta yi yawancin aikinta wanda kamfanin ZEG Power ya ɗora a kai ya gina ƙaramar masana'anta a Kollsnes. Akwai shayar da shi tururi ya koma Ca(OH)2 ya kumbura ya tsage, ƙofofi su buɗe, yana dawo da ƙarfi sosai amma ƙwayar sai ta yi taushi kamar alkaki. Akwai kuma wanke shi da asid na tsami irin asetik. Duk na gwada wasu daga ciki a ƙaramin mataki, kuma abin da na lura shi ne a gwajin da aka yi wa sinadari gata, aka gasa shi a 800 ko 850 cikin nitirojin, kowanne gwani ne, ranar da ka gasa shi a 920 cikin CO2 tsantsa kamar yadda za a yi a masana'anta sai ka ga rabin gwanintar ta zube. Takardu da yawa da ka karanta gwajin gatan suka yi, je ka duba sashen hanyar gwajinsu za ka gani.

To dutsen Sakkwato fa

Zai yi. CaCO3 ba shi da fasfo, na Kalambaina da na Ashaka da na Malbaza a Nijar da na Obajana duk za su kama CO2 kuma duk za su gaji, bambancin yana cikin dattin da ke tare da su da kuma taurinsu. Silika in ta yi yawa tana haɗuwa da CaO a babban zafi ta cinye wani kaso, magniziyam kaɗan alheri ne, dutse mai laushi irin na alli yakan yi saurin kamu amma ya yi saurin zama gari, mai tauri irin mabul kuma wani lokaci da ka gasa shi sai ya tarwatse. Saboda haka kafin komai ka kai shi a yi masa XRF ka san me ke ciki, kuma ka ɗebo daga wurare daban-daban a ramin, don dutsen sama da na ƙasa ba lallai su zo ɗaya ba.

Kuma a nan ne nake ganin farar ƙasa ta fi sauran ma'ana a wurinmu, ba don ta fi su ƙarfi ba. Mazuƙin da ya gaji CaO ne, shi ne ainihin abin da masana'antar siminti ke ƙona dutse don ta samu, kenan in masana'antar haidurojin tana maƙwabtaka da ta siminti, sai ka riƙa cire gajiyayyen kana ba su kana zuba sabo, matsakaicin ƙarfin ya tsaya a sama, su kuma sun samu abin da aka riga aka gasa. Abin da yake shara a wurin Bature mai MOF a wurinka kayan sayarwa ne. Ga bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, ga duwatsu a Kogi da Gombe da Sakkwato, aƙalla akwai abin da mutum zai zauna ya lissafa. Su ɓawon ƙwai da ake ta rubutu a kai, e CaCO3 ne kusan kashi 95, yana aiki, amma shi ma yana gajiya kamar kowa, kuma je ka tara tan 70 na ɓawon ƙwai ka dawo mu yi magana.

Sai dai kar in yaudare ka. Kama CO2 rabin aiki ne, ina za ka kai shi? Norwe tana binne shi a Sleipner ƙarƙashin teku tun 1996, mu a arewa babu bututun CO2 babu rijiyar da aka tanada, tsofaffin rijiyoyin mai suna can Neja Delta. Yuriya tana shan kusan kilo 730 na CO2 a kowane tan, amma da manomi ya watsa ta a gona ba a daɗe ba iskar ta koma sama, ajiya ce ta ɗan lokaci. In kuma gas yana yoyo a hanya kafin ya iso, mitan ɗin da ya tsere yana iya cinye ribar da ka samu. Kuma masu gina sababbin masana'antu yanzu da yawa sun koma ATR ne, inda ake ƙona wani ɓangare na gas ɗin da oksijin a cikin tukunyar, CO2 duka ya taru a iska ɗaya mai matsi a wanke shi da ruwan amin a kama sama da kashi 90, wannan shi ne abokin karawar farar ƙasa na gaskiya, kuma a yau shi ke gaba. Ni kaina aikina a gram ya tsaya da ƴar tukunyar da ba ta wuce tsawon hannu ba, abin da duk na faɗa maka na manyan masana'antu daga rahotanninsu ne da bakin waɗanda suka yi aiki a can, kuma tsakanin gram da tan akwai abubuwan da sai an gina ake gani.

Da ni ne kai ga yadda zan tsara aikin. Dutse biyu ko uku na gida, dolomait ɗaya in ka samu, sai CaCO3 na kwalba a matsayin ma'auni. Ka niƙa ka tankaɗe su zuwa girma ɗaya, misali maikuron 300 zuwa 500, don in girman ya bambanta kwatancen ya ɓaci. Kamu a 650 cikin CO2 kashi 15, gashi kala biyu, na gata a 850 cikin nitirojin da na wahala a 920 cikin CO2 mai yawa, kuma kar ka tsaya a zagaye biyar, ka kai 30 aƙalla, 50 in injin ya yarda. In da hali ka saka tururi a iskar kamun, don a rifoma na gaske yana nan kuma yana canza sakamako. Sannan ka zaɓi magani ɗaya tak, ni da mayenait zan ce ko shayar da tururi, ka gwada shi a kan dutsen da ya fi. In babu TGA a sashenku ƙaramin murhun bututu da sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo za su yi, wahala ce kawai, kuma ka riƙa saka samfurin a desiketa, tulun da ke hana laima shiga, da zarar ya fito don CaO yana shan laimar ɗaki cikin mintuna ya ƙara nauyi ka ɗauka CO2 ne.

Maganar wuta kuma ka shirya mata tun yanzu. Ni an taɓa ɗauke min ita a zagaye na 27 cikin 30, ƙarfe uku na dare, samfurin ya huce a cikin CO2 ya sha abin da ya sha, kwana huɗu suka tafi a banza na sake daga farko. Ka nemi inbata ko ka daidaita da mai janareta kafin ka kunna, kuma ka sa injin ya riƙa ajiye bayanan kowane zagaye daban. In ka samu sakamakon XRF ɗin turo min in gani, daga yawan silika da magniziyam ɗin za mu san wane dutsen ya kamata ka fara sakawa a wuta.